Ƙaya, Faci da Taya Marar Tif a Bakin Iyakar Jibiya

Duk wanda ya taɓa tuƙa keke a yammacin Katsina, tsakanin Jibiya da Magama da ƙauyukan da suka miƙe zuwa Ɗan Isa da Madarunfa a cikin Nijar, ya san tsaidau. Ciyawa ce mai rarrafe, mai ɗan fure rawaya, wadda ba wanda yake kula da ita da damina. Sai kaka ta wuce, 'ya'yanta su bushe su tarwatse, kowane ɓari da ƙayarsa mai tauri, kuma ko ta yaya ya faɗi ƙasa akwai tsinin da ke kallon sama. Ga kuma ƙayar aduwa da ta bagaruwa da ta magarya, waɗanda manoma ke sarowa su yi shinge, iska da dabbobi su jawo su bakin hanya. Tun daga hunturu har faɗuwar ruwa, ƙafar keke a wannan yanki tana tafiya ne a kan ƙaya.

Kekunan da iyayenmu suka hau manya ne, baƙaƙe, masu taya inci 28 da birkin ƙarfe. Rali ita ce ta gaba, kuma a Kano ake haɗa ta a wancan lokaci. Bayanta sai Fonis ta ƙasar Sin da Hero ta Indiya. Malamin makaranta yana da ita, mai unguwa yana da ita, ɗan koli yakan ɗaure hajarsa a kariya ya bi kasuwanni. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Jibiya, buhun gero da tulin albasa da kaji a kwando duk a bayan keke suke shigowa. Yaran da ba su da ita sukan tara ɗan kuɗi su je wurin 'yan kamasho su yi haya. Iyakar kuwa ba ta cika tsayar da mai keke ba. Katsinawan da suka bar birni bayan jihadi a farkon ƙarni na 19 su ne suka kafa sarautar Maraɗi, kuma layin da Turawan Ingila da na Faransa suka shata daga baya bai raba dangi ba. Suna, ɗaurin aure, gaisuwar mutuwa, duk sukan sa mutum ya tsallaka da safe ya dawo da yamma.

A kowace mahaɗa akwai mai faci, yawanci a gindin dalbejiya, da tsohuwar taya a rataye a reshe don a gane shi daga nesa. Kana isa ka ce, "Baba, a duba mini ta baya," sai ya kifa keken a kan sirdi da kai, ƙafafu a sama. Ba ya kwance wili in ba dole ba. Zai sa liba biyu ya ɓantare gefe ɗaya na tayar, ya zaro tif ɗin kamar hanji, ya ɗan hura masa iska, sannan ya riƙa tsoma shi kaɗan-kaɗan a cikin tsohon kwano mai ruwan da ya yi baƙi. Inda kumfa ta taso, nan ne. Sai ya soka tsinken ashana a hujin don kada ya ɓace masa, ya goge wurin da samfefa har robar ta yi fari-fari, ya yanko ɗan zagayayyen faci daga wani mataccen tif, ya goge shi ma, ya lakato sholisho da ɗan yatsa ya shafa wa duka biyun. A nan gwaninta take. Sabon shiga yakan manna nan take. Gwani yakan jira, yana hura musu iska da baki, har danshin ya tafi, sannan ya haɗa su ya ɗora a kan ƙarfe ya bubbuga. Kafin ya mayar da tif sai ya zagaya cikin tayar da yatsunsa a hankali yana laluben ƙayar da ta yi ɓarnar, domin in ya bar ta, ba za ka kai gonar gaba ba. Na ga tif ɗin da faci ya hau kan faci har ba a gane asalin launinsa, kuma yana aiki.

In abin ya same ka a daji, akwai dabarun da kowane yaro ya sani: a ɗaure inda ya huje tamau da zaren roba ta gefe biyu, ko a cusa wa tayar ciyawa da tsumma a lallaɓa zuwa gari. Wasu sukan yanke tsohuwar taya su shimfiɗa ta a cikin sabuwa don ƙaya ta sha wuya kafin ta kai ga tif. Shi kansa tif ɗin in ya mutu ba a yar da shi. Daga jikinsa ake samun robar ɗaure kaya, da danƙon harbin tsuntsu, da facin wani tif ɗin. Na manyan motoci kuwa shi ne gugan rijiya.

Wannan tsari na taya da tif tsoho ne ƙwarai. Wajen 1888 wani likitan dabbobi a birnin Belfast, John Boyd Dunlop, ya ɗaura wa keken ɗansa roba mai iska, kuma a 1891 'yan'uwan Michelin na Faransa suka fito da tayar da za a iya cirewa a gyara a mayar. Kamfanonin da suka ci sunayensu sun daɗe suna yin taya a Najeriya, Dunlop a Ikeja, Michelin a Fatakwal, kafin dukansu su daina a tsakanin 2007 da 2008. Yau kusan duk robar da ke juyawa a kan hanyoyinmu daga waje take, kuma mai saye a Jibiya ba shi da ta cewa a kan ingancinta.

Amma kafin nan ma babur ya riga ya ture keke. Da Jincheng ta shigo, sannan Bajaj ta biyo baya, kuma fetur yana da araha, sai hawa keke ya zama alamar rashi. Saurayi ya gwammace ya ci bashi ya sayi babur. Acaba a wannan gefen, kabu-kabu a wancan, jarkokin mai suna tsallakawa dare da rana. Masu faci suka bi inda kasuwa ta nufa: suka ajiye famfon hannu, suka sayi injin iska, suka koma kan babura da motoci. Keke ya koma hannun yara da dattawan da suka ƙi rabuwa da nasu.

Abin da ya biyo baya mutanen Jibiya sun fi kowa saninsa, don a jikinsu ya ƙare. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa. A Nuwamban shekarar aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sai garin da ya saba ganin mai yana wucewa ta cikinsa ya koma neman na zuba wa babur. A 2021, saboda ta'addancin 'yan bindiga, gwamnatin jihar Katsina ta Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana sayar da mai a jarka, ta taƙaita zirga-zirgar babura. An buɗe iyakar Jibiya a Afrilun 2022, amma ba a daɗe ana murna ba: ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum a Yamai, aka sake rufe iyakar har zuwa Maris ɗin 2024. Litar man da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 600 cikin watanni biyu, daga baya ta wuce 1,000. Wanda ke da tsohon keke a zaure ya kakkaɓe shi. Wanda ba shi da shi ya nufi wurin 'yan gwanjo.

Sai dai keken da ake samu a gwanjo yanzu ba irin na iyayenmu ba ne. Mai giya ne, mai faɗin taya da haƙora, yawanci inci 26, wanda wani ya gama hawa a Turai ko Japan aka loda shi a kwantena. Asalin irinsa daga tsaunukan Marin ne a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda matasa a shekarun 1970 suka riƙa gyara tsofaffin kekuna suna gangarowa da su daga dutse. A 1981 kamfanin Specialized ya fara ƙera shi da yawa don kasuwa. An yi shi don wasa, amma ya dace da rairayin da ke tsakanin gonakinmu fiye da Fonis. Kuma mutanen da suka ƙirƙiro shi suna da tsaidau a ƙasarsu, musamman a jihohin yamma masu fari, shi ya sa suka daɗe suna neman yadda za su rabu da faci.

Taya marar tif, wato tubles, ba baƙuwa ba ce ga masu facinmu. Motoci sun koma kanta tun shekarun 1950, kuma duk mai injin iska a bakin titi ya iya soka wa tubles igiyar roba ba tare da ya cire ta ba. Abin da ya hana keke bin sahu shi ne sifok. Kowane sifok yana da ramin da ya ratsa rim, talatin da biyu ko talatin da shida, kuma ta nan iska za ta gudu. A 1999 kamfanonin Faransa uku, Mavic da Michelin da Hutchinson, suka fito da rim marar rami da taya ta musamman, amma da tsada. Wajen 2001 wani Ba'amurke mai suna Stan Koziatek ya kawo hanya mai sauƙi: a shimfiɗa ɗamarar roba mai bawul a cikin rim ɗin da kake da shi don ta rufe ramukan, a zuba ruwan roba a cikin tayar ya toshe sauran. Mahaya da suka ga haka sai suka lura cewa ɗamarar ma ba sai an saya ba, ana iya yanko ta daga tif ɗin ƙaramin keke. Wannan dabarar ce ta fi jan hankalina, domin babu wani abu a cikinta da ya fi ƙarfin mai facin Magama, in ban da abu ɗaya da zan zo kansa.

Ga yadda aikin yake. A cire taya da tif, a wanke rim a goge shi ya bushe. A naɗe kan ramukan sifok da tef mai ƙarfi, zagaye ɗaya ko biyu, a huda inda bawul zai fita. Sai a samo tif ɗin keken yara mai inci 20, a hura masa iska kaɗan, a ja shi a ɗora a kan rim mai inci 26. Da yake ya yi masa kaɗan, zai kama shi gam. A sa almakashi a tsaga bayansa tun daga bawul har a zagayo, a buɗe shi, ɓangare ɗaya ya zubo ta wannan gefen rim, ɗaya ta wancan. A wanke farin garin da ke cikinsa. Yanzu tif ya tashi daga jakar iska ya zama shimfiɗa. A kan wannan shimfiɗar ake mayar da taya, a hankali, da hannu in zai yiwu, don kada liba ta yaga robar. Sai a shafa wa bakin tayar ruwan sabulu, a kwance cibiyar bawul, a danna mata iskar inji da ƙarfi lokaci guda. Za ka ji ta yi ƙara, tau, tau, bakinta ya hau ya zauna, ya matse robar tsakaninsa da rim. Daga nan a saki iskar, a ɗura ruwan roba ta bawul da sirinji, kamar mililita 60 zuwa 90, a mayar da cibiya, a sake hurawa. A riƙe wilin a kwance a girgiza shi, a juya ɗaya gefen a girgiza, har kumfar sabulun da ke fita ta gefe ta daina. Ƙarshe a bi da reza a yanke robar da ta leƙo waje, a bar ɗan kaɗan.

Ruwan robar nan madarar itacen roba ce da aka haɗa da abin da ke hana ta daskarewa, da wasu ƙananan ɓarɓashi. Yana nan kwance a cikin tayar yana zagayawa da ita. In ƙaya ta shiga, iskar da ke neman fita ita ce za ta turo shi cikin hujin, ɓarɓashin ya cushe, madarar ta daskare. Sau da yawa mahayi ba ya ma sanin an yi. Huji irin na tsaidau, wanda bai wuce kan allura ba, shi ne ainihin abin da ruwan ya fi iyawa. Akwai amfani na biyu da bai kai wannan suna ba, amma a ƙasarmu yana da girma: tunda babu tif ɗin da rim zai datse in an daki dutse, ana iya rage iska. Taya mai sassaucin iska takan baje a kan rairayi ta wuce, inda mai tauri za ta nutse mutum ya sauka ya tura.

Ban ɗauki wannan a matsayin ƙawa ba. A da, in keke ya yi faci tsakanin ƙauye da ƙauye, asarar ita ce lokaci da gumi; ka tura, ka tarar da wani ya ba ka ruwa. Yau a wasu sassan ƙaramar hukumar Jibiya, mutum ya tsaya shi kaɗai a hanyar daji da la'asar sakaliya yana fama da taya magana ce ta rai. Ɗalibin da ke zuwa makaranta daga ƙauye, da ma'aikacin asibitin karkara, da mai kai madara ko kayan miya gari, kowannensu yana bukatar ƙafar da ba za ta tsayar da shi ba.

To amma dole a faɗi ɗaya gefen, kuma yana da nauyi. Ruwan roba yana bushewa. A ƙasashe masu sanyi yakan yi watanni kafin a ƙara. A inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ga busasshiyar iskar hunturu, ba zai kai haka ba. Ranar da ya bushe, tayar ta koma tamkar ba a yi mata komai ba, kuma ba a gani daga waje, sai an girgiza wilin an saurara ko akwai motsin ruwa. Shi ne abu ɗayan da na ce ya fi ƙarfin mai faci: daga waje ake kawo shi, da dala ake sayensa, kuma ba a samunsa a teburin mai kayan keke na ƙauye. Faci kuwa da mataccen tif da gwangwanin sholisho ɗaya ake yi wa mutane da yawa. Mutumin da ya koma tubles ya rabu da ƙaya, amma ya ɗaura wa kansa sayen abin da farashinsa ke bin canji da buɗewa ko rufewar iyaka. Mutanen Jibiya sun ga yadda hakan ke ƙarewa da shinkafa da mai.

Sannan ba kowace taya ce ke karɓa ba. Wadda ta tsufa gefenta ya tsattsage, ko mai araha da bakinta ya yi wa rim yawa, za ta yi ta tsiyaya ko ta ƙi zama. Rim ɗin da ya lanƙwashe ko ya yi tsatsa ma haka. Kada kuma a cika mata iska irin yadda muka saba, a danna da babban yatsa a ji kamar dutse. Tayar da ba don wannan aka ƙera ta ba, in iskar ta wuce 40 a geji, tana iya ɓallewa daga rim ana cikin tafiya. Wannan kaɗai ya isa ya fitar da Fonis da Rali daga lissafi, domin rim ɗinsu ba shi da ƙugiyar da ke riƙe bakin taya, kuma mai ɗaukar buhu biyu a kariya dole ya cika iska. In kwalba ko kututture ya yanki gefen taya, ruwa ba ya toshe wannan. Dole dai a riƙe tif ɗaya da famfo a jaka, kuma kafin a sa shi sai an zauna an tsince duk ƙayoyin da suka taru a jikin tayar tsawon watanni, in ba haka ba sabon tif ɗin ba zai yi taku goma ba. Ga wanda ke da tsohon keke akwai tsaka-tsaki: a bar tif ɗin yadda yake, a ɗura ruwan a cikinsa ta bawul mai kwancewa. Bai kai tubles ba, amma yana maganin ƙananan huji.

Nakan ji ana cewa irin wannan sauyi zai kashe wa mai faci kasuwa. Ban yarda ba. Mutumin da ya tashi daga famfon hannu ya koma injin iska, ya tashi daga keke ya koma babur da mota, ba wannan ne zai gagare shi ba. Injin da ake bukata don zaunar da tayar yana gabansa, ƙaramin tif yana rataye a bayansa, hannun da ya iya laluben ƙaya shi ne zai iya shimfiɗa roba ba ta yage ba. Kuma wanda aka yi wa aikin zai riƙa dawowa ƙarin ruwa. Abin da na fi tsoro shi ne a yi aikin da ganganci, a kan matacciyar taya, ta ɓalle da wani yaro a kan kwalta, daga nan kowa ya ce dabarar ce ba ta da kyau.

Batun ruwan ne ya kamata masu ilmi su duba. Najeriya tana noman roba a Edo da Delta da Kuros Riba, tana da cibiyar binciken roba a Iyanomo kusa da Benin, tana da cibiyar binciken fasahar sinadarai a Basawa ta Zariya. A Katsina akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, inda kowace shekara ɗaliban sinadarai ke neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kansa. Haɗa ruwan toshe huji da zai jure zafin bazararmu, a zuba shi a ƙananan robobi da kuɗin da ɗan makaranta zai iya biya, aiki ne da ya fi ƙarfin mai faci amma bai fi ƙarfin waɗannan wurare ba. Masu saye kuwa ba a Jibiya kaɗai suke ba. Duk inda tsaidau ke fitowa, daga Illela zuwa Maigatari, daga Maraɗi zuwa Damagaram, akwai su. Ko layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai bi ta Jibiya, in an gama shi ba zai shiga ƙauye ba. Mutum sai ya kai kansa tasha.

Shawarata ga mai keken gwanjo da ke bin hanyar ƙaya kullum ita ce ya gwada, amma da sabuwar taya mai kyau, a hannun mai facin da ya yarda da shi, kuma bayan ya tabbatar da inda zai riƙa samun ruwan ƙari. Mai Fonis da ke ɗaukar kaya ya riƙe tif ɗinsa. Malaman sinadarai na Katsina da Zariya kuwa, muna roƙonku ku sa ɗalibanku a kan wannan aiki.